Goran da Na Kai Jidda Na Dawo da Shi

Tun da na dawo daga Jidda ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a bakin mashaya, a inuwar ƙiryar da muke zama bayan la'asar, maganar ba ta wuce biyu: wai da gaske ne na shiga ƙarƙashin teku na yi numfashi kamar tarwaɗa? Kuma me ya sa na tafi da goran gidanmu don in ba ɗana, na dawo da shi, ga shi yanzu rataye a ɗakin Bawa? Na gutsura wa wannan, na gutsura wa wancan, har labarin ya fara dawo mini da ƙafafu huɗu. Jiya wani ya rantse ya ji kifi ya haɗiye ni ya amayo. To, ga shi daga tushe. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga karkace ya miƙe mini.

Ga wanda ba ɗan garinmu ba: gidanmu gidan su ne, wato kamun kifi, a bakin gulbi, a ƙasar Kabi. Goran da nake magana irin wanda masunci ke kifa cikinsa a kai ne ya yi iyo, in ya kama kifi ya jefa ta bakinsa. Na kakana ne, ya yi baƙi ya yi sulɓi don hannu. Wanda ke riƙe da shi shi ke fara shiga ruwa ranar buɗe su, shi ke tsayawa yana duban kawunan mutane har a fito lafiya. Kuma al'adarmu, in babba ya miƙo maka shi, hannu biyu ake sawa, ba a cewa a'a.

Idona ya fara hazo, gwiwa ta fara magana. Ɗana na fari, wanda muke ce wa Ɗanjuma tun da ba na kama sunansa, ya daɗe a Jidda, ya yi aure can. Da ya aiko in je umra, na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama: zan kai masa gora har gida, in ga ta inda zai zame.

Bawa, ɗan ƙanena marigayi, wanda ya girma a hannuna, shi ya cika goran da daddawa da kuka da kifi banda, ya naɗe shi da tsohon bargo, ya raka ni har Kano. Direban motarmu ya ce gora ba zai hau bisa ba, ba zai shiga but ba, sai da ya samu kujerarsa shi ma. Haka muka zo ta Sakkwato da Gusau, ni a gefe, Bawa a gefe, gora a tsakiya kamar ango. Duk hanya Bawa bai tambaye ni abin da zan yi da shi ba. Ni kuma ban ga dalilin gaya masa ba.

Jirgi ba ni da abin faɗa a kansa sai cewa kunnena ya toshe, na haɗiye yawu ya buɗe, kamar dai in na yi nutso mai zurfi. Abin ya ba ni mamaki, ashe sama da ƙasan ruwa hali ɗaya gare su.

A filin jirgin Jidda ma'aikata suka tsayar da ni. Wani saurayi mai kaki ya kwance bargon, ya leƙa bakin goran, daddawa ta gaishe shi, ya ja da baya yana tari. Suka fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙwanƙwasa goran, ya yi mini alamar kiɗa da hannu. Na girgiza kai. Ya yi alamar sha. Na girgiza kai. Larabcina na salla ne, bai kai nan ba. Da na ga za mu kwana, sai na ajiye goran a kan tayil, na gyara haramina, na kifa ciki a kai, na fara iyo. Dattijo da furfura, cikin farin mayafi, yana iyo a busasshiyar ƙasa. Sai da manyansu suka fito kallo. Suka riƙe kifin banda, suka ba ni gorana, ɗaya har ya sara mini.

Umra na yi ta lafiya. Abin da na roƙa a can tsakanina da Ubangijina ne.

Ɗanjuma na zaune a Mahjar, unguwar masu neman na kansu a kudancin gari, a wani bene da za ka hau har ka tuna shekarunka. Matarsa Salma haifaffiyar can ce, kakanta ne ya taka da ƙafa daga ƙasar Hausa zuwa hajji bai koma ba. Hausarta rabi da rabi ce. Ranar farko ta ajiye faranti ɗaya na shinkafa da kifi, ta zauna tare da mu ta sa hannu, ta kira mijinta da sunansa na yanka a gabana. Na sunkuyar da kai, don kunyar da ya kamata ta ji ni na ji ta. Amma ita ce kuma ta riƙa zare ƙaya tana tura mini tsoka.

"Kul, ya Baba, ci. Ka rame marra, sosai."

'Yarsu sunan mahaifiyata gare ta, Uwata nake ce mata. In na yi mata Hausa tana ji sarai, ta amsa da Larabci. Ita ta gano amfanin gora tun daren farko: ta sa kyanwarta a ciki, kyanwa kuwa ta ce ta samu gida.

Sun kai ni Bab Makka, kasuwar yadi da abinci a tsohon gari. Na ci wake dakakke da wani burodi mai faɗi kamar faifai, tamis suke ce masa. Na tarar da tsire irin namu, da ƙuli da yaji, mai gasawa baƙi kamar ni, amma da na ce masa sannu da aiki sai ya yi murmushi ya ce kakarsa ce mai jin wannan yaren.

Abin da na lura shi ne, tun da Ɗanjuma ya ga goran bai yarda hannunsa ya zauna banza kusa da ni ba. In na matso yana riƙe da kofin shayi. In ya ajiye kofi ya ɗauki 'yarsa. In ba kowa, hannayen na bayansa kamar ɗan makaranta. Da na gaji da wannan rawa, wata safiya na ce masa:

"Kai, ka san abin da ya kawo ni."

"Na sani, Baba."

"Gulbi ba mai tsaro. Tuƙin mota kowa na iya yi wa Balarabe."

"Na daɗe da barin tuƙi, Baba. Ruwa nake shiga."

Ashe da yana direba a gidan wani mai jirgin ruwa a Abhur, wata rana ƙugiyar jirgin ta maƙale a ƙasa, ya tuɓe riga ya nutse ya ɓanɓaro ta. Kafilinsa, wato mai gidan da ke riƙe da takardunsa, ya ga haka ya kai shi ya koyi nutso irin na zamani. Yanzu aikinsa kai baƙi ƙarƙashin teku su yi kallo.

"Kallo?" na ce. "Ba kamu?"

"Kallo kawai."

"Su fito hannu wofi?"

"Su fito suna godiya."

Na ce wannan ba sana'a ba ce, wasan yara ne. Bai yi musu ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "Alfarma ɗaya nake roƙo, Baba. Ka shiga ruwana sau ɗaya. In mun fito ka miƙo gora, wallahi hannu biyu zan sa, in tattara mu koma."

Salma na bakin ƙofar kicin, ta ji. Ta koma ciki, na ji famfo yana zuba ya daɗe ba a rufe ba.

Na yarda. Me ruwa zai nuna mini da ban gani ba?

Sai da ya fara kai ni wurin likita, aka saurari ƙirjina, aka sa na hura wani bututu. Likitan ya ce huhuna ya fi nasa. Sannan muka kama hanyar Abhur, arewa da gari, teku na hannun hagu tana ɓuya tana fitowa tsakanin manyan gidaje. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ruwa da ƙofa. A can bakin teku katanga ce, kowane wurin shaƙatawa da mai gadinsa, sai an buɗe maka ka ga ruwa. Mu gulbinmu ko akuya ba ta neman izini.

Aka ba ni wata rigar roba baƙa mai kama jiki tun daga wuya har idon sawu. Na ce ba zan fito haka gaban ɗana ba, sai da ya samo mini gajeren wando na ɗora. Aka ba ni takalma masu faɗi irin ƙafar agwagwa. Aka ba ni gilashin fuska, ruwa ya riƙa shiga ta gashin bakina, sai da aka shafe shi da man basilin. Aka goya mini tukunyar iska mai tiyo, bakin tiyon a bakina. Daga ƙarshe Ɗanjuma ya durƙusa ya ɗaura mini ɗamara mai dalma, irin dalmar da muke sa wa birgi, ragar kamun kifi, don ya nutse.

"A garinmu," na ce, "wanda ya ɗaura wa ubansa dalma ya tura shi ruwa, alƙali ke jiransa."

"A nan albashi ake ba shi, Baba."

Mun fara ne a wani kwamin wanka da ruwansa bai wuce ƙirji ba. Nan ya tsaya gabana ya daina dariya.

"Doka ɗaya ce babba. Kada ka riƙe numfashi. Ka ja, ka saki, ka ja, ka saki. Iskar tukunya a matse take shiga ƙirji. In ka riƙe ta ka taso sama, za ta kumbura ta yaga huhu. Ina son in ga kumfarka kullum."

Ku da kuka san sana'ar su, kun san abin da ya faɗa mini. A wurinmu kumfa abu biyu take nufi. Ko ragon masunci ne da ke korar kifi, ko kuwa mutum ne ke mutuwa. Duk wanda na taɓa tsamowa daga gulbi, mai rai da marar rai, kumfa na bi na same shi. Shi wannan da ke tsaye gabana, yana ƙarami ƙirjinsa bai da ƙarfi, da ya nutse sai kumfa ta taso. In ya ɗago, ƙwanƙwasa a ka daga hannuna ke jiransa, a gaban sa'o'insa. Na yi haka fiye da yadda ya kamata. A lokacin ina ganin koyarwa nake yi.

Na durƙusa a ƙasan kwamin, tiyo a baki, ƙirjina ya rufe da kansa kamar ƙofar da ta saba. Ya ɗago ni, ya sake bayani. Na koma, na sake riƙewa. Ya ɗago ni. Ban ƙirga sau nawa ba, amma ko sau ɗaya muryarsa ba ta tashi ba. Daga baya na iya, ina ja ina saki, ina jin kunya kamar mai fitsari a kasuwa.

Mai tuƙa jirgin ruwan da ya fitar da mu wani Isufu ne, Bakatsinen Maraɗi. Da ya ji ni Bakabe ne, abokin wasan Katsinawa, sai ya gyara hula.

"Yau ga bawana a jirgina. Bon, zauna nan kusa da ni, tsoho, kada kifi ya gane ka ya kai ƙara."

"Bakatsine a kan ruwa? Ka iya iyo kuwa?"

"Wa ya ce maka? Shi ya sa nake riƙe jirgi da kyau."

Muka bar gari a baya har benaye suka koma kamar haƙora. Ruwan ya tashi daga kore ya koma shuɗi irin na rinin baba mai kyau. Inda muka tsaya akwai wani jirgi, mutanensa sun riga sun shiga. Na leƙa, sai na ga kumfa tana tasowa wuri huɗu ko biyar, tana fashewa a sama. Ban san sa'ad da na miƙe ba, ƙafa ɗaya har ta hau gefen jirgi. Isufu ya riƙo wandona.

"Ina zuwa? Lafiyarsu lau. Ran da ka ga ta daina tasowa, ran nan za ka yi tsalle."

Muka sauka ta igiya, Ɗanjuma na riƙe da kafaɗata. Kunne ya toshe, na haɗiye yawu. Ruwa ya rufe kaina.

A nan ne bakina ke gazawa in ana tambayata.

Tun ina yaro nake nutso, amma ban taɓa ganin hannuna a ƙarƙashin ruwa ba. Gulbinmu kamar kunun kanwa yake, ido rufe muke shiga, da lalube muke sanin duniya. Ran nan na ɗaga hannu na gan shi, da tabon ƙayar kurungu a babban yatsa, yana shawagi gabana kamar na wani. Hasken rana na saukowa zare-zare, yana lilo. Ba nauyin tukunya, ba ciwon gwiwa. Akwai mafarkin da nakan yi tun ina ƙarami, ina tashi bisa rufin garinmu ba fiffike, ina leƙa gidaje. Shi ne na tarar a can ƙasa, yana jirana.

Gari ne kuwa. Murjanin da mata ke sawa a wuya, can yake tsirowa da ransa, wani kamar rumbu, wani kamar ƙahon gada, wani kamar faifai an jera. Akwai lunguna, akwai zaure, akwai kasuwa. Kifaye ƙanana jajaye kamar garwashi sun tsaya bisa wani dutse, suna matsawa tare suna dawowa tare. Wani rawaya da baƙin zane ya zo ya tsaya daidai gilashina, ya dube ni da ido ɗaya, ya juya ya dube ni da ɗayan. Na kama kifi abin da ba ya ƙirguwa, na san santsinsu da nauyinsu da yadda suke mutuwa, amma ban taɓa sanin yadda suke zaman gida ba. Na ga talibambam, ɗan uwan namu na gulbi, yana tafe a hankali kamar attajiri. Wata kififiya ta wuce bisa kanmu, inuwarta ta shafe ni ta tafi. Ba a jin komai sai numfashina, yana shiga da ƙara yana fita da guɗa. Na tuna mahaifina. Na ce ina ma ya ga wannan, shi da ya mutu yana zaton ƙasan ruwa duhu ne ko'ina.

Ɗanjuma ya ja ni muka zaga wani dutse. A ƙarƙashinsa akwai kogo, a bakin kogon wani ƙaton kifi ja mai ɗige-ɗige ya buɗe baki, wasu 'yan ƙanana na shiga suna fita suna share masa haƙora, kamar mai gida a hannun wanzami. Girmansa da zamansa sak giwan ruwa a rami.

Ni ban yi niyyar komai ba. Jikina ne ya tuna. Ƙirji ya ja iska ya cika ya rufe. Hannaye suka buɗe, yatsu suka nufi marfin kunnensa. Ƙafa ta harba. Kumfata ta tsaya. Da ƙirji ya cika sai na ji na yi sauƙi, dutsen ya fara nisa, haske na ƙaruwa, ina tafiya sama, kuma daɗi nake ji, don haka nake tasowa tun ina yaro.

Sai na ji an fizgo ɗamarata. Fuskarsa ta zo daidai tawa, gilashi da gilashi. Idonsa kaɗai nake gani, idon uwarsa. Ya ɗaga hannu, ni kuwa, Allah shaida, na sunkuyar da kai ina jiran ƙwanƙwasa. Sai ya shimfiɗa tafinsa a ƙirjina. Ya saki tasa kumfar a hankali don in gani. Ya jira. Ya sake saki.

Na buɗe ƙirjina.

Kumfar ta fita ta gefen fuskata, ta taru ta zama kamar ƙananan tasoshin azurfa, suna rawa suna hawa, suna faɗi, har suka shige cikin haske. Na bi su da kallo. Muka tsaya nan tsakanin sama da ƙasa, hannunsa a ƙirjina, yana ja ina ja, yana saki ina saki, har zuciyata ta koma wurinta. Kifin nan ko motsi bai yi ba. Wanzamansa suka ci gaba da aiki.

Da muka fito Isufu ya miƙo mini shayi.

"Ina kifin, Bakabe?"

"Na bar maka shi ya girma."

Ɗanjuma ya matso kusa da ni. Ya duba idona, ya tambaye ni ko ƙirji na ciwo, na ce a'a. Sannan ya juya ga wasu baƙi biyu da ke jiransa, wani Balarabe mai tumbi da ƙaninsa, duka sababbin shiga ruwa. Ya duba tiyon kowa, ya ja ɗamarar kowa. Kafin ya sauka na ga ya ɗebi ruwa da yatsu uku ya shafa a goshi, leɓensa na motsi. Wannan addu'ar mahaifina ya koya mini, ni na koya masa. Ban zaci ta ƙetare teku ba.

Na zauna a gefen jirgi ni da Isufu muna kallon kumfa uku na tafiya a kan ruwa, biyu a gaba suna hanzari, ɗaya a baya a natse.

"Ta bayan nan tasa ce," in ji Isufu. "Kullum yana baya, yana kallon ta mutane. Bara wani ya firgita ya tofar da tiyo a can ƙasa, ɗanka ya cire nasa ya sa masa a baki, ya hawo da shi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Mu nan in yana cikin ruwa, shayinmu muke sha."

Na ajiye kofin shayi. Na daɗe ina kallon kumfar nan ta baya.

Washegari bayan la'asar na ce a kawo gora. Na karkata shi kyanwa ta fito tana miƙa. Ɗanjuma ya tashi tsaye, ya goge tafinsa a riga, ya miƙo hannu biyu kamar yadda ya yi alkawari. Salma na bakin ƙofa, ta riƙe Uwata a jikinta.

Na dubi hannayen nan. Na ce, "Nemo mini igiya mai ƙarfi. Bargon ya kwance, hanya kuma da nisa."

Bai gane ba, hannayen na nan a miƙe.

"Ba a ɗauke mai tsaro daga bakin ruwansa," na ce. "Sauke hannunka."

Akwai wata magana da na so in ƙara, a kan yarintarsa, amma bakina bai saba ba. Sai na kama hannun nasa na riƙe ɗan lokaci. Ina jin ya ji. Salma ta juya ciki da sauri, ta dawo da igiyar shanya, kayan ma ba ta gama cirewa ba.

Haka na dawo da gora, cike da dabino wannan karon, kuma ba mai karɓa. Abin ya dame ni a hanya, ya dame ni a gida. Na rataye shi inda yake da.

Wata safiya na gangara mashaya. Mutane na nan da yawa, masu wanki, masu gyaran koma, Bawa na can nesa yana ɗinkin birgi, ya ma ba ruwa baya. Na tuɓe na shiga gurbin nan mai zurfi na gindin tsamiya. Duhu, sanyi, laka, kamar kullum. Na zauna a ƙasa, kewar wancan hasken ta kama ni. Na ce bari in ji ko kumfa a nan ma tana guɗa. Na saki kaɗan. Na saki saura.

Ban kai ga tasowa ba na ji ruwa ya tsage. Hannu ya lalubo ni cikin duhun nan bai yi kuskure ba, ya kama ni ta ƙarƙashin haɓa, ya yi sama da ni kamar ɗan akuya. Bawa ne, da rigarsa da hularsa da wayarsa a aljihu. Sauran mutane suna tsaye a gaɓa, ko gane abin da ya faru ba su yi ba.

"Baba, lafiya? Ƙirjin ne?"

"Lafiya lau. Numfashi nake saki."

"A cikin ruwa?"

"Haka ake yi a Jidda."

Ya dube ni, ruwa na zuba daga hularsa. "To nan ba Jidda ba ne."

Na tambaye shi yadda ya gani alhali bayansa ya ba ruwa. Ya ce tun da idona ya fara hazo, bai taɓa barin na shiga gulbi ba tare da yana ƙirga mini a ransa ba. Shekara da shekaru ke nan. Ni kuwa na ɗauki gora na zaunar da shi kusa da Bawa tun daga nan har Kano, ina neman mai tsaro a bayan teku.

Da yamma na tara mutanen gida na miƙa masa. Ya sa hannu biyu.

Hukuncinsa na farko kuwa a kaina ya faɗa: kada in ƙara shiga gulbi sai na gaya masa, kuma in na shiga, kumfa ta Jidda in bar ta a Jidda. Mai gora ya yi magana. Na bi.